Tallar Tufafi a Jimeta: Ina Ladan Mai Sa Riga?

A da, telan da ya gama ɗinki a Jimeta sai ya rataye rigar a ƙofar shago, mai wucewa ya gani ya taya. Yanzu kuwa sai an sami budurwar da za ta sa atamfar ko leshin, a yi mata kwalliya da ɗaurin ɗankwali, a ɗauki hotonta a watsa a Instagram. Ta wannan hanya ce ɗinkin Yola ke samun masu saye a Abuja da Kano, musamman gabanin Sallah da lokacin bukukuwan aure.

Mai hoto yana karɓar kuɗinsa, mai kwalliya ma haka. Ita kuwa wadda ta wuni a tsaye cikin zafin Yola, sau da yawa abin da take tashi da shi bai wuce kuɗin mota ba, ko kuwa a ce mata, "Ai za ki yi suna." Wani lokaci akan bar mata rigar. Hoton kuwa zai yi shekaru yana jawo ciniki, ba tare da ta sake ganin ko kwabo ba. Watau kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Teloli suna da tasu hujjar, kuma ba ta banza ba ce. Yawancinsu ƙananan masu sana'a ne da ke fama da kuɗin haya da na man janareta, kuma galibin 'yan matan ƙannensu ne ko ƙawaye, ko ɗaliban Jami'ar Modibbo Adama da sauran makarantun garin waɗanda ke son a gan su. Suna ɗaukar abin tamkar aikin gayya. Amma fa gayya biki ce da ake ramawa: yau gonarka, gobe tawa. A nan gonar ta mutum ɗaya ce kullum. Sa'an nan a garin da aka ɗauki kunya da kawaici da daraja, da wuya budurwa ta buɗe baki ta yi cinikin ladanta da wadda take kira Adda ko Anti.

Doka ba ta taimaka mata sosai ba. A 2024 an ɗaga albashi mafi ƙanƙanta a Nijeriya zuwa Naira 70,000, amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta kuma shafi masu aikin ɗan lokaci ba. Dokar Ƙwadago ta 1974 ta ce da kuɗi ake biyan ma'aikaci ladansa, sai dai wadda aka kira ta wuni ɗaya ba takarda, da me za ta nuna cewa ita ma'aikaciya ce?

Sana'ar kuwa tana da kuɗi. Oluchi Onweagba, 'yar Ikko, ta ci gasar zaɓen fuskar Afirka a 1998, ta kuma samu kwantiragi da kamfanin Elite. Duk da haka, har a birnin New York na Amurka an daɗe ana biyan masu tallar tufafi da riguna maimakon kuɗi, abin da ya sa Sara Ziff ta kafa ƙungiyar Model Alliance a 2012. Bayan shekaru ana fafutuka, Gwamna Kathy Hochul ta sa hannu a dokar kare su a Disamban 2024, ta fara aiki a Yunin 2025. Dokar ta hana kamfanonin dillalansu karɓar la'adar da ta wuce kashi 20 cikin ɗari. A Faransa kuwa doka ta daɗe da ɗaukar mai tallar tufafi a matsayin ma'aikaci mai albashi.

Jimeta ba sai ta jira majalisa ba. Teloli suna da ƙungiyoyinsu, kuma tun da ana yanke kuɗin ɗinki kafin a sa almakashi, ana iya yanke ladan wuni kafin a ɗauki hoto, a kuma faɗi watannin da za a yi ana amfani da shi.