Tsohon gidan shari'a na Grand-Bassam: tarihinsa da matsayinsa cikin kayan gado

1. Gabatarwa

A cikin wannan ɗan rubutu za mu duba tarihin wani gini na zamanin mulkin mallaka, wato tsohon gidan shari'a na Grand-Bassam da ke ƙasar Kwaddibuwa, sa'annan mu nemi sanin dalilin da ya sa ya cancanci a adana shi. Idan ana maganar fadar sarki ko tsohon masallaci, ba a cika gardama a kan darajarsu ba, tun da kakannin ƴan ƙasa suka gina su domin kansu. Gidan shari'ar nasara kuwa baƙo ne ya gina shi domin dokarsa, kuma akwai masu ganin cewa in ya rushe ba a yi asarar komi ba. Ra'ayinmu shi ne, darajar wannan gini tana cikin abin da yake nunawa game da shari'a iri biyu da Faransa ta shimfiɗa a Afirka ta Yamma, da kuma yadda aka sauya wannan tsari a 1946. Da yake Nijar da Kwaddibuwa suna cikin tarayya guda a lokacin, wadda ake taƙaita sunanta da AOF, dokokin da za mu ambata su ne aka yi aiki da su a Damagaram da Maraɗi da Tawa.

2. Garin da ginin

Grand-Bassam yana bakin teku, wajen kilomita 40 gabas da Abijan, kusa da inda kogin Comoé yake gangarowa teku. Faransawa sun kafa sansani a wurin tun 1843, kuma da aka mai da Kwaddibuwa ƙasar mallaka a 1893, nan aka fara ajiye babban birni. Abin bai daɗe ba. Annobar shawara ta 1899 ta kashe Turawa da yawa, sai aka ƙaura da gwamna zuwa Bingerville a 1900. Amma ciniki bai bi gwamna ba, domin gadar da ake sauke kayan jiragen ruwa tana Bassam, kamfanonin Turawa kuma suna nan da rumbunansu. Inda ake ciniki da bashi da jayayya a kan fili, can ake bukatar alƙali. A 1911, wato shekara 11 bayan tashin gwamna, aka gina gidan shari'a a unguwar da ake kira Faransa, wani siririn tudun rairayi tsakanin teku da tafki, inda fadar gwamna ta dā da gidan waya da ofishin kwastan suke.

Fasalin ginin irin na sauran gine-ginen hukuma na wannan unguwa ne: bene, da baranda mai faɗi wadda ke hana rana dukan bango, da ƙofofi da tagogi masu yawa domin iska ta ratsa. Bayan annobar 1899, neman iska da tsabta ya zama babban abin da ke gaban maginan garin.

3. Wa ake yi wa shari'a a ciki?

Nan ne ya kamata mu dakata. Dokar 10 ga Nuwamba 1903 ta raba shari'a gida biyu a duk faɗin AOF. Akwai shari'ar Faransa, mai alƙalai ƙwararru da lauyoyi da rubutattun dokoki, wadda aka tanada domin Faransawa da sauran Turawa da ƴan tsirarun ƴan Afirka masu matsayin ɗan ƙasar Faransa. Akwai kuma shari'ar ƴan ƙasa, mai hawa-hawa daga kotun ƙauye zuwa kotun kumandan, wadda ake cewa tana bin al'ada muddin al'adar ba ta saɓa wa abin da Faransawa suke kira ƙa'idojin wayewa ba. An yi wa wannan tsari gyara a 1912 da 1924 da 1931, amma tushensa bai sauya ba: kumandan, wanda shi ne mai karɓar haraji, shi ne mai ɗiban ƴan aikin dole, shi ne kuma shugaban kotu, da masu ba shi shawara biyu da tafinta a gefensa. Lauya ba ya tsayawa a gaban wannan kotu.

Bayan haka akwai dokar andijana (indigénat), wadda ita ko kotu ba ta bukata. Kumandan yana iya kulle mutum kwana 15 da tarar faran 100 saboda jinkirin biyan haraji ko abin da ya ɗauka raini ne. A 1924 aka rage zuwa kwana 5 da faran 15 a mafi yawan wurare. Wata doka ta 1904 ta ba babban gwamna na Dakar ikon tsare mutum nesa da gida har shekara 10. Mutanen Damagaram sun ga irin wannan iko a 1906, lokacin da aka zargi Sarki Amadu ɗan Bassa da ƙulla wa Faransawa makirci, aka tuɓe shi, aka kai shi gudun hijira Kwaddibuwa.

Ke nan, tsawon shekara 35 bayan gina shi, gidan shari'a na Bassam ba wurin da talakan ƙasar yake kai ƙararsa ba ne. In ya shiga, galibi maganar ta haɗa shi da Bature, ko kuwa ya zo shaida. Wanda ya kalli girman ginin ya ɗauka nan ne cibiyar shari'ar ƙasa duka, ya yi kuskure. Mafi yawan hukuncin da ya faɗa kan mutane an yanke shi ne a barandar kumandan, wurin da ba ya barin kufai mai kyan kallo. Wannan gargaɗi ne ga duk mai son karanta tarihi daga gine-gine kaɗai.

4. Shari'ar 1950

Tsakanin Disamba 1945 da Fabrairu 1946 aka soke andijana. Ran 11 ga Afrilu 1946 aka haramta aikin dole da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny, ran 30 ga wannan wata aka karɓe shari'ar laifuffuka daga kotunan ƴan ƙasa aka miƙa ta ga kotunan Faransa, ran 7 ga Mayu kuma dokar Lamine Guèye ta ba kowa matsayin ɗan ƙasa. A watan Oktoba na wannan shekara aka kafa jam'iyyar RDA a Bamako, wadda reshenta a Kwaddibuwa shi ne PDCI, a Nijar kuwa PPN.

Ran 6 ga Fabrairu 1949 rikici ya ɓarke a unguwar Treichville ta Abijan tsakanin ƴan PDCI da abokan hamayyarsu. Hukumar Gwamna Laurent Péchoux ta kama shugabannin jam'iyyar guda 8, cikinsu har da Bernard Dadié da Mathieu Ekra da Jean-Baptiste Mockey, aka kulle su a gidan kaso na Bassam. Da wata goma suka wuce ba a gurfanar da su ba, sai suka shiga yajin cin abinci ran 12 ga Disamba. Daga 22 zuwa 24 ga Disamba mata suka taso daga Abijan, da yawansu a ƙasa, domin neman a sake su. An tare su da duka da feshin ruwa a kan gadar da ta haɗa unguwar Faransa da sauran gari, an kama wasu, cikinsu har da Marie Koré. Wannan gada ita ake kira Gadar Nasara. Ba a saki fursunonin a lokacin ba. Sai a watan Maris 1950 aka yi shari'arsu a Bassam, aka yanke wa wasu ɗauri.

Abin lura shi ne, shekara 5 kafin haka gwamna yana iya kawar da irin waɗannan mutane da takarda guda. A 1950 kuwa dole aka buɗe zaure, aka karanta tuhuma a gaban jama'a, lauyoyi suka yi magana, jaridu suka rubuta. Ba mu ce shari'ar ta yi adalci ba. Amma hukuma ta shiga halin da sai ta kāre abin da ta yi da hujja, waɗanda ake tuhuma kuma suka sami dandalin da ba su da shi a dā. Henriette Diabaté ta wallafa littafi a kan tattakin matan a 1975, Dadié kuma ya fitar da abin da ya rubuta a kaso a 1981.

5. Kufai da adana

An buɗe mashigin Vridi a 1950, jiragen ruwa suka koma Abijan, a 1954 kotu ma ta bi su. Ginin ya yi shekaru da yawa ba mai kula, iskar gishiri tana cin ƙarfensa, tsirrai suna fasa bangonsa, alhali fadar gwamna ta sami sabon aiki a 1981, ta zama gidan adana tufafin gargajiya. A 2012 UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan gadon duniya. Yana da kyau a lura cewa abin da aka rubuta ya haɗa da unguwar hukuma, da ta ƴan kasuwa, da ta gidajen Turawa, da ƙauyen N'zima, domin a ga yadda aka raba mazauni tsakanin mai mulki da wanda ake mulka. Ambaliyar Oktoba 2019 ta nuna cewa shiga wannan jeri ba ya tsare gini daga ruwa.

A ganinmu, gyaran bango da fenti kaɗai ba zai isar da abin da muka bayyana a sama ba. Sai an haɗa ginin da takardunsa: rajistar hukunce-hukunce, da rahotannin kumandodi a kan andijana, waɗanda wasunsu suna gidan adana takardu na Dakar inda aka tara na AOF. Haka nan sai an nuna wa mai ziyara cewa gidan shari'a da gidan kaso da gada labari guda suke bayarwa. Wannan aiki ya shafe mu kai tsaye, tun da Damagaram ma ta rasa matsayin babban birni a 1926, aka bar mata gine-ginen bariki, kuma tsohon Birni da fadar sarki suna cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO tun 2006.