Mai Raba Gardama da Talakan Bakin Iyaka

 Gaisuwa ga jama'ar Tanda da Gaya da sauran garuruwan ƙasar Dandi, da 'yan uwanmu na tsallaken ruwa a Malanville, da na Kamba a jihar Kebbi. Yau za mu duba wani irin ɗan siyasa da ake yi wa kallon ɗan rakiya, wato ɗan takarar da ke tsaye a wajen manyan jam'iyyu biyu masu kokawar kujera. Kowa ya san ba shi zai shiga fadar shugaban ƙasa ba. To, don me za a saurari ra'ayinsa kan hulɗa da ƙasashen waje, ko kan haƙƙin talaka? Matsayin wannan shiri shi ne, mutumin bakin iyaka ya fi kowa dalilin kasa masa kunne, amma da sharaɗin a auna shi da abin da ya yi da ƙuri'un da aka ba shi.

Mu fara da dalilin da ya sa maganar ta shafe mu. A birane masu nisa da iyaka, siyasar waje zance ne na jakadu da tarukan ƙoli. A nan kuwa ita ke yanke kuɗin buhun shinkafa da na magani. A watan Disambar 1963, rikicin tsibirin Lete ya kai gwamnatin Diori Hamani ga korar ma'aikata 'yan Dahomey (Benin ta yau), ita kuma Dahomey ta toshe wa Nijar hanyar Kwatano. A 1984 gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin Najeriya ana tsakiyar fari, har mutane a Nijar suka laƙaba wa yunwar wannan shekara sunansa. A Agustan 2019 aka sake rufe su saboda fasa-ƙwaurin shinkafa, ba a buɗe ba sai ƙarshen 2020. Na baya-bayan nan kowa ya gani da idonsa: bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka ta CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi a ranar 30 ga wata, Najeriya ta yanke wutar lantarki, aka datse gadar da ta haɗa Gaya da Malanville, manyan motoci suka yi jerin gwano kaya na ruɓewa a cikinsu. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma saɓani tsakanin Yamai da Kwatano ya sa gadar ta ci gaba da zama a rufe, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, fasinjoji suka koma kwale-kwale. A duk waɗannan lokuta, waɗanda suka yanke shawarar ba su rasa abincin dare ba. Ɗan dako da mai tallar kifi da manomin rake da albasa da makiyayin da ke tsallaka ruwa da shanunsa, su ne suka biya. Saboda haka a bakin iyaka ba a iya raba siyasar waje da maganar adalci ga talaka.

Manyan 'yan takara ba sa son wannan haɗi. Wanda ke ganin kujera a gabansa yana tsoron ɓata wa masu ba da rance, da ƙasashe ƙawaye, da manyan 'yan kasuwar da ke ɗaukar nauyin yaƙin zaɓensa. Ƙaramin ɗan takara ba shi da wannan dabaibayi, shi ya sa bakinsa ya fi sakewa. Misalin da ya fi fitowa fili a ƙasar Hausa shi ne Malam Aminu Kano. A zaɓen shugaban ƙasar Najeriya na 1979, fafatawar gaske tsakanin Alhaji Shehu Shagari na NPN ce da Obafemi Awolowo na UPN. Malam Aminu ya tsaya a PRP, ya zo na huɗu da ƙuri'u kimanin miliyan 1.7, wato kashi 10 cikin 100. Abin da yake faɗa bai sauya ba tun kafa NEPU a 1950: a sauke wa talaka nauyin haraji da aikin tilas, a taka wa sarakuna da hakimai burki, a ba mata ilimi da 'yancin jefa ƙuri'a. Kuma a idon 'yan NEPU, layin da Turawan Ingila da na Faransa suka ja bai mayar da talakan Maradi baƙo a Kano ba. Lokacin da aka haramta jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary a Nijar a 1959, magoya bayanta da dama sun sami mafaka a Kano wajen 'yan NEPU, alhali gwamnatin Arewa ta wancan zamani tana ɗasawa da gwamnatin Diori. Wannan siyasar waje ce da ta fara daga tambayar wa ake zalunta, kafin tambayar wa ke riƙe da mulki.

Wani zai ce, duk da haka ƙuri'ar da aka jefa wa wanda ba zai ci ba asara ce. Tarihi bai goyi bayan wannan ba. A wannan zaɓe na 1979 PRP ta ci gwamnonin Kano da Kaduna, kuma Abubakar Rimi da Balarabe Musa na hawa suka soke haraji da jangali. Abin da ake ɗauka mafarkin 'yan adawa ne ya zama doka, sauran gwamnatocin Arewa kuma suka ga ba su da mafita sai bin sahu. Gaskiya ne majalisar jihar Kaduna, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta, ta tsige Balarabe Musa a 1981, PRP kuma ta dare gida biyu tun kafin rasuwar Malam Aminu a 1983. Amma tsigewar ba ta dawo da jangali ba. Ƙaramar jam'iyya ta sha kaye a kujera, ta yi nasara a manufa.

A Nijar lissafin ya ɗan bambanta, domin tsarin zaɓe mai zagaye biyu yana mayar da wanda ya zo na uku ko na huɗu mai raba gardama. Jihar Dosso ta san wannan sarai ta hanyar ɗanta, marigayi Moumouni Adamou Djermakoye. Shi ba baƙo ba ne a harkar ƙasashen waje. Yana cikin hafsoshin da suka kifar da Diori a 1974, ya kuma riƙe ma'aikatar harkokin waje a zamanin Seyni Kountché har zuwa 1979. A tsakanin waɗannan shekaru ne Nijar ta sa hannu kan yarjejeniyar kafa CEDEAO a Legas a 1975, da yarjejeniyar 1979 da ta ba ɗan kowace ƙasa damar shiga maƙwabciya ya zauna kwana 90 ba tare da biza ba. Daga baya ya yi jakada a Amurka da Majalisar Ɗinkin Duniya. Da ya rasa shugabancin MNSD a hannun Tandja Mamadou a 1991, sai ya kafa ANDP Zaman Lahiya. A zagayen farko na zaɓen 1993 ya samu kimanin kashi 15 cikin 100, jam'iyyarsa ta ci kujeru 11 cikin 83 na majalisar dokoki. Shigarsa ƙawancen AFC na cikin abin da ya ba Mahamane Ousmane nasara a zagaye na biyu, duk da cewa Tandja ne ke kan gaba a zagayen farko. Ke nan ƙuri'un wanda bai ci ba sun taimaka wajen yanke wanda zai ci.

A nan ne suka mafi nauyi take. Masu ita suna cewa mai raba gardama ciniki yake yi da ƙuri'un jama'a, kuma abin da yake karɓa muƙami ne. Suna da abin nunawa: Djermakoye ya zama shugaban majalisar dokoki a 1993, ya mara wa Mahamadou Issoufou baya a zagaye na biyu na 1999, ya shiga gwamnati a 2002 a matsayin ministan haɗin kan Afirka, ya mara wa Tandja baya a 2004, sannan ya shugabanci kotun da ke shari'ar manyan jami'an gwamnati. Suna ƙarawa da cewa ƙuri'unsa na yanki ne, daga Dosso da kewaye. Ba za a share wannan suka da hannu ɗaya ba. Jama'a sun fi tuna kujerun da irin waɗannan ƙawance suka raba fiye da sharuɗɗan da aka gindaya domin manomi ko ɗan kasuwar iyaka. Sai dai sukar ba ta nuna cewa ƙaramin ɗan takara ba shi da ƙarfi. Ta nuna yana da shi, abin da ya rage shi ne a kan me zai kashe shi. Kuma adalci ne a tuna cewa mutumin nan ya juya wa tazarce ta Tandja baya a 2009, a wajen gangamin adawa da ita ma ya yanke jiki ya faɗi a Yamai ranar 14 ga Yuni, rai ya yi halinsa. Batun yanki kuwa, ba laifi ba ne ɗan siyasa ya ɗauki kukan garinsu. Laifin shi ne ya karɓi ƙuri'un bakin iyaka ya je teburin ciniki bai ambaci iyaka ba.

Akwai kuma masu cewa harkar waje ta shugaban ƙasa ce shi kaɗai, ɗan adawa ba shi da ta cewa. Abubuwa biyu sun ƙaryata haka. Na farko, rikicin Lete ya yi shekara 40 yana tashi yana kwanciya, har sai da gwamnatocin Tandja da Mathieu Kérékou na Benin suka yarda a 2001 su kai shi kotun duniya da ke Hague. Ranar 12 ga Yulin 2005 kotun ta ba Nijar tsibirai 16 cikin 25, har da Lete, ta ba Benin 9, ba a harba harsashi ba. Zaɓar kotu a maimakon soja shawara ce ta siyasa, kuma shugaba ya fi samun ƙarfin ɗaukarta idan 'yan adawa ba za su zarge shi da sayar da ƙasa ba. Na biyu, a Agustan 2023 majalisar dattawan Najeriya ta ƙi goyon bayan amfani da ƙarfin soja a kan Nijar, bayan sanatocin Arewa da sarakuna da malamai sun ɗaga murya. Waɗanda ba su ke riƙe da fada ba suna cikin waɗanda suka hana yaƙin da filinsa zai kasance gonakinmu.

Yau an rusa jam'iyyun siyasa a Nijar tun Maris ɗin 2025, ƙasar kuma ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025. Amma maƙwabtanmu biyu suna ci gaba da zaɓe, abin da suka zaɓa yana isowa kasuwar Gaya, kuma ko ba daɗe ko ba jima mu ma za a sake buga gangar siyasa a ƙofarmu. Malam Aminu ya nuna cewa ƙaramin ɗan takara na iya mayar da manufa doka. Djermakoye ya nuna cewa yana iya yanke wanda zai hau mulki. Abin da talakan bakin iyaka ke buƙata shi ne wanda zai haɗa biyun.

Don haka masu sauraro, duk ranar da irin wannan ɗan takara ya zo neman ƙuri'unku, kada ku kore shi don ba zai ci ba, kada kuma ku bi shi don ɗan gida ne kawai. Ku tambaye shi matsayinsa kan rufe iyaka a matsayin makamin siyasa. Ku tambaye shi abin da zai yi game da shingayen da ake tatsar matafiya a kan hanya. Ku kuma sa ya faɗa a bainar jama'a, tun kafin zagayen farko, sharaɗin da zai gindaya wa duk wanda zai mara wa baya. Wanda ya kasa amsa wannan ta ƙarshe, kujera yake nema wa kansa.