Me ya sa keken hawan tsauni ke da tsada a Daura?

Tun bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a ranar 29 ga watan Mayun 2023, jama'a da dama a arewacin Najeriya suka sake waiwayar keke.

Litar fetur da ake sayarwa ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 a shekarar 2024, lamarin da ya sa hawa babur ya gagari ɗalibai da manoma da ƙananan ma'aikata.

To sai dai wanda ya shiga kasuwa a Daura ko Mai'aduwa ko Zango neman keke mai giya da faffaɗar taya, wanda aka fi sani a ƙasashen waje da keken hawan tsauni, yakan tarar shi ma kuɗinsa ba na wasa ba ne.

Tsada daga tushe

An ƙirƙiro wannan keke ne a jihar Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1970, domin gangarowa daga kan duwatsu, kuma a 1981 kamfanin Specialized ya fara fitar da shi da yawa zuwa kasuwa.

Tun da an yi shi ne don ya jure duka, tilas jikinsa ya kasance marar nauyi amma mai ƙwari. Saboda haka akan ƙera shi da alminiyam ko zaren kabon, maimakon baƙin ƙarfe.

Ga kuma shokazoba, da birki mai aiki da mai irin na mota, da giya mai hawa-hawa. Kamfanoni biyu ne, wato Shimano na Japan da SRAM na Amurka, suka mamaye cinikin giya da sarƙa masu inganci, abin da ya rage gasa.

Wannan ne ya sa kekunan tsere mafiya inganci kan haura dala 10,000.

Faɗuwar naira

Ba irin waɗannan ne ke isowa Daura ba. Akasari gwanjo ne daga Turai, ko kuma sababbi masu sauƙin kuɗi daga China.

Amma ko su ma da dala ake sayo su. Kafin gwamnati ta sakar wa naira mara a watan Yunin 2023, ana canjin dala ɗaya a kan kusan naira 460 a hukumance. Zuwa watan Fabrairun 2024 ta zarta naira 1,500.

Shi ya sa ko da farashin kekuna ya sauko a Turai a 2023, bayan ƙarancin da aka yi lokacin annobar korona, mai saye a Daura bai gani a ƙasa ba.

Haka kuma akwai kuɗin kwastan, da na dakon kaya daga tashar jiragen ruwa ta Legas, tafiyar da ta wuce kilomita 1,000. Masana'antar Raleigh da a da ke harhaɗa kekuna a Kano kuwa ta daɗe da daina wannan aiki.

Wanne ya dace?

Ƙasar Daura shimfiɗaɗɗiya ce mai yashi. Faffaɗar taya na da amfani, domin ba ta saurin nutsewa a rairayi, ƙaramar giya kuma na rage wahalar tuƙi.

Amma shokazoban baya da birki mai aiki da mai, waɗanda ke cin kaso mai tsoka na kuɗin, ba su da wani babban aiki a inda babu gangara. Idan kuma suka lalace, ba kowane mai gyaran keke ne ke da kayansu ba.

Ga manomin da zai ɗaura buhun gero ko jarkokin ruwa, tsohon keken ƙarfe irin su Phoenix, mai kariya a baya, shi ne har yanzu ya fi rufin asiri.