Yadda ƴan lise huɗu masu ƙaramin jari suka kada babbar jami'a a gasar robo

Iyaye da yawa daga cikinmu in suka ji ana zancen gasar robo, wato na'urar da ake haɗawa a koya mata yin aiki, sai su ce wannan harka ce ta ƴaƴan masu hali. To amma abin da ya faru a ƙasar Amurka cikin watan Yuni na shekarar 2004 ya isa ya sa mu sake lissafi, musamman mu da muka san cewa ba yawan jari kaɗai ke tsaida ɗan kasuwa ba.

A waccan shekara an shirya gasar robo masu aiki ƙarƙashin ruwa a garin Santa Barbara na jihar Kalifoniya. Cikin masu takara har da jami'ar MIT, wadda duniya ta san da zamanta wajen ilimin ƙere-ƙere, ta zo da na'urar da aka kashe wa wajen dalar Amurka 11,000, kusan miliyan 6 na sefa ke nan a canjin lokacin. Gefe guda kuma ga samari huɗu daga lise ta Carl Hayden da ke wata unguwar talakawa a birnin Finiks, dukansu ƴaƴan baƙi ƴan asalin Meziko. Abin da suka iya tarawa bai wuce dalar Amurka 800 ba, wajen jika 400. Da aka gama, su ne suka zo na ɗaya, MIT ta zo ta biyu.

Abu na farko da ya taimake su shi ne rabon aiki, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Oscar Vazquez shi ne jagora mai tsara aiki da neman taimako. Cristian Arcega ya riƙe lissafi da harkar lantarki. Lorenzo Santillan, wanda ya saba da gyaran mota, shi ke samo dabarar haɗa kaya da araha. Luis Aranda kuwa, ƙaƙƙarfan cikinsu, shi ke ɗaukar na'urar yana kula da wayar da ta haɗa ta da masu tuƙi. Kamar dai rumfar da aka san mai auna kaya, aka san mai riƙe kuɗi, ba a hayaniya in ciniki ya yi zafi.

Na biyu, ba su ji kunyar tambaya ba. Tun da ba su da injiniya a gida, sai suka dinga kiran kamfanoni a waya suna bayyana abin da suke so su yi, wasu suka ba su shawara, wasu suka taimaka da kayan aiki. Malamansu biyu, Fredi Lajvardi da Allan Cameron, sun tsaya musu, amma ba su karɓe aikin daga hannunsu ba.

Na uku, sun yi aiki da abin da aljihunsu ya iya. Gangar jikin na'urar da tiyo na roba irin na ƴan famfo suka yi ta, kuma warin gam ɗin da suka liƙa ta da shi ya sa suka raɗa mata suna Stinky, wato mai wari. Sun kuma sa batir a cikin na'urar maimakon su bar shi a bakin ruwa. Wannan ya sa wayar da ke bin ta ta zama siririya, na'urar ta samu sauƙin juyawa, nauyin batir ɗin kuma ya hana ta tangaɗi.

Na huɗu, ba su ruɗe ba da matsala ta taso. Ana gab da gasa suka tarar ruwa yana shiga akwatin da kayan lantarki suke. Babu lokacin sake akwati, sai suka sayo audugar da mata ke amfani da ita, suka jera a ciki ta tsotse ruwan, aka ci gaba da aiki.

Na biyar shi ne wanda ya kamata iyaye su fi lura da shi. Alƙalan gasar ba aikin cikin ruwa kaɗai suka duba ba, sun ba da maki a kan rahoton da aka rubuta da kuma amsa tambayoyi baki da baki. Da yake yaran da hannunsu suka haɗa komai, duk inda aka taɓa suna da amsa, har suka karɓi kyautar tsari da ta rubutun rahoto. Mai saida hajar da ya san asalinta ba ya inda-inda gaban mai saye.

Irin wannan gasa ta iso yankinmu na Afirka ta Yamma, domin wani malami ɗan Senegal, Dokta Sidy Ndao, ya kafa gasar robo ta ɗaliban Afirka da ake kira PARC, wadda aka sha yi a Dakar. Saboda haka ranar da yaro ko yarinya ya zo ya ce yana son ya tsaya bayan an tashi daga lakwal don haɗa wata na'ura da abokansa, kada mu yi saurin cewa wasa ne. Mu tambaye shi su nawa ne, mene ne aikinsa a cikinsu, wane malami ke tare da su, sannan mu ce ya bayyana mana yadda abin ke aiki da Hausa. In ya iya, to awa biyun da rumfa za ta rasa shi ba su tafi a banza ba. Allah ya yi wa zuri'armu albarka.