Idan injin dizal ya buga: Yadda makanikai ke sauke shi daga mota

Babu labarin da mai motar haya ke tsoron ji daga bakin makanike kamar a ce masa injinsa ya buga. Direba zai murɗa makulli, kik ya yi ƙas sau ɗaya ya yi shiru, domin ƙarafan ciki sun cije. Ga mai Hilux ko Hiace ko Canter da ke ciyar da iyali da ita, kowace ranar da mota ta kwana a gareji asara ce.

Ƙarewar baƙin mai da zafin da ya wuce ƙima su ne suka fi kashe inji. Da damina kuma akwai ruwa. Injin dizal yana matse iska sau 16 zuwa 22 kafin mai ya kama da wuta, shi kuwa ruwa ba ya matsuwa. Idan mota ta kutsa ambaliya ta shaƙi ruwa ko da kofi guda ne, fistin zai tsaya cak, sandar da ke riƙe da shi ta lanƙwashe.

Makanike mai hankali ba ya gaggawar kwance noti. Zai sa giya a firi, ya cire bel, ya ɗora doguwar sifana a kan babban notin gaban inji ya gwada juyawa, saboda wani lokaci kik ne ko altaneta ya cije, injin lafiyarsa ƙalau. Zai kuma cire nozul-nozul ya ga ko ruwa zai fito. Sai duk wannan ya ƙi ake maganar saukewa.

Batir ake fara cirewa, a tsiyaye baƙin mai da ruwan lagireto, a fitar da lagireton domin samun fili. Wayoyi da bututai suna da yawa, shi ya sa wasu ke ɗaukar hotonsu da waya kafin su taɓa. A injuna irin 2KD na Hilux, ƙarfin man da ke cikin bututu kan wuce ba 1,000, don haka ba a kwance shi da garaje, kuma dole a toshe bakin kowane bututu, tunda ƙura kaɗan ta isa ta lalata nozul mai tsada. Tsohon 5L ya fi haƙuri a wannan fannin.

Inda aikin ke yin tsauri shi ne wajen raba inji da giyabos. Idan motar mai kuloci ce, da sauƙi: a kwance notinan kewaye, a ja inji gaba, ya zare. Atomatik kuwa tana da kwambata, wani ƙarfe mai kama da kasko cike da mai, wanda aka ɗaure a bayan inji da notina kaɗan. Ta wata 'yar kafa ake isa gare su ɗaya bayan ɗaya, kuma sai an juya inji kafin na gaba ya bayyana. To ga inji ya ƙi motsi.

Mafita biyu ce. Ko dai a cire kwanon mai na ƙasa a sassauta ƙarafan da suka cije har injin ya yarda ya juya, ko a zaro shi tare da kwambatar. Ta biyun ta fi sauri, amma tana buƙatar fili sosai a gaba, man giya zai kwarara, kuma idan aka ja a karkace famfon giyabos na iya karyewa. Mai mota da ya zo da matsala ɗaya sai ya koma da biyu.

Ɗagawar ma ba wasa ba ce, domin irin wannan inji kan haura kilo 200. A garejin da ya san aikinsa, akan rataya sarƙa mai kwarkwaro a kan ƙafafun ƙarfe uku, a tokare giyabos da jak, sannan a kwance robobin da injin ke zaune a kai. Har yanzu dai akan ga inda ake rataya sarƙar a reshen darbejiya, yaron gareji na kwance a ƙasa yana leƙe. Wannan ganganci ne, kuma yawanci ƙaramin da bai isa ya ce a'a ba ake turawa. A Hiace, da yake injin na ƙarƙashin kujerar direba, sau da yawa ta ƙasa ake sauke shi.

Sai an buɗe shi a ƙasa ake sanin girman ɓarnar. Idan jikin injin bai tsage ba, ana iya gyara shi a sa sabbin fistin da ringi. Idan sanda ta huda shi, sai a nufi Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas neman wani. Kafin a ɗora na biyun, ana wanke bututan mai da na'urar sanyaya shi, domin ɓurɓushin ƙarfen tsohon yana nan maƙale a ciki, sannan a duba lagireton da za a mayar ko ya toshe.