Nisanta Guba da Mai Baƙin Ciki: Darasi daga Siri Lanka

Mukan ji ana cewa wanda ya ƙudura kashe kansa, ko an ɓoye masa wannan hanya zai nemi wata. Abin da ya faru a ƙasar Siri Lanka ya nuna ba kullum haka yake ba.

A 1995 Siri Lanka tana cikin ƙasashen da mutane suka fi kashe kansu a duniya, da yawansu mutanen karkara da suka sha maganin ƙwari na gona. Gwamnati ta bi mataki-mataki tana hana shigo da magungunan da suka fi dafi. Zuwa 2015 adadin ya ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari, amfanin gona kuma bai ragu ba.

Dalili shi ne, tsananin wannan tunani yakan zo ne na ɗan lokaci, bayan faɗa, ko bashi, ko abin kunya. Idan babu mugun abu kusa, lokacin yakan wuce, ko a kai mutum asibiti da ransa. Kusan tara cikin goma na waɗanda suka tsira ba sa kashe kansu daga baya.

Mu ma manomanmu suna ajiye irin wannan magani a ɗakin kwana. Saboda haka, idan muka ziyarci ɗan'uwa da ya fid da rai, mu tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Mu roƙi iyalinsa su kulle maganin nesa da shi, kada a bar shi shi kaɗai, sa'an nan mu raka shi wurin likita.