Jagora a Waje, Jama'a a Gida: Nazari Kan Hijirar Svetlana Tikhanovskaya

Ranar 9 ga Agustan 2020 aka yi zaɓen shugaban ƙasa a Belarus. Hukumar zaɓe ta ba Alexander Lukashenko, wanda ke kan mulki tun 1994, kashi 80 cikin ɗari, ta ba Svetlana Tikhanovskaya kashi 10. Washegari matar ta je hukumar shigar da ƙorafi, jami'ai suka riƙe ta na sa'o'i a ciki, ranar 11 ga wata kuma sai aka ji ta a Lituwaniya. Mijinta Sergei, wanda shi ne ya fara neman tsayawa takarar, yana tsare tun watan Mayu, 'ya'yansu biyu kuma an riga an fitar da su daga ƙasar saboda barazana. Matar da ta karanci koyar da Turanci, ta kuma yi shekaru tana renon yara a gida, ta wayi gari ita ce fuskar adawar ƙasa guda, alhali tana zaune a ƙasar wasu.

Ba ita kaɗai ba ce. Sam Rainsy na Kambodiya yana Faransa tun 2015. Edmundo González na Venezuela ya tafi Sifaniya a Satumban 2024, makonni kaɗan bayan zaɓen da magoya bayansa suka ce shi ya ci. A nan kusa, Issa Tchiroma Bakary, ɗan Garwa da ya yi iƙirarin kayar da Paul Biya a zaɓen Kamaru na Oktoban 2025, ya ƙare a Gambiya. Abin ya zama yayi: a yi zaɓe, a yi gardama kan sakamako, a murƙushe zanga-zanga, ɗan adawa ya tsallaka iyaka.

Babban dalilin yawaitar haka shi ne masu mulkin kama-karya sun gane cewa korar abokin hamayya ta fi ɗaure shi araha. Fursunan siyasa ɗawainiya ne. Kullum ana ambaton sunansa a tarukan ƙasashen duniya, idan ya yi rashin lafiya a zargi gwamnati, idan ya mutu a hannunta kabarinsa ya zama wurin taruwa. Wanda ya fita kuwa, sai gidan talabijin na gwamnati ya ce ya gudu ya bar mabiyansa, yana cin kuɗin Turawa a otal. Ana iya yi masa shari'a ba ya nan, kamar yadda wata kotu a Minsk, babban birnin Belarus, ta yanke wa Tikhanovskaya shekara 15 a Maris 2023, hukuncin da amfaninsa ɗaya ne: toshe hanyar komawa. Nikaraguwa ta kai abin ƙarshe a Fabrairun 2023, inda ta zuba fursunonin siyasa 222 a jirgi zuwa Amurka, ta kuma ƙwace musu shaidar zama 'yan ƙasa.

Masu zagin wanda ya fita da cewa matsoraci ne, ya kamata su dubi waɗanda suka tsaya ko suka koma. Maria Kolesnikova, abokiyar yaƙin neman zaɓen Tikhanovskaya, ta yaga fasfonta a kan iyakar Yukren a Satumban 2020 don kada a fitar da ita da ƙarfi. An yanke mata shekara 11. Alexei Navalny ya koma Rasha da ƙafarsa a Janairun 2021, ya mutu a kurkuku a Fabrairun 2024. Succès Masra na Chadi ya bar ƙasa bayan kisan masu zanga-zanga na 20 ga Oktoban 2022, ya dawo bisa yarjejeniyar Kinshasa a ƙarshen 2023, har aka naɗa shi firaminista, amma a Agustan 2025 kotu ta ɗaure shi shekara 20. Uwar da ke da yara biyu da miji a tsare, aka ajiye mata irin wannan zaɓi a kan tebur, ba ta cancanci gori daga mutumin da ke zaune lafiya a gidansa ba.

Kuma hijirar ta yi abin da ta yi. A birnin Vilnius na Lituwaniya, Tikhanovskaya ta buɗe ofishi, ta gana da shugabannin Jamus da Faransa, ta shiga fadar White House wajen Joe Biden a Yulin 2021. Tarayyar Turai da Amurka sun ƙi amincewa da Lukashenko a matsayin zaɓaɓɓen shugaba. Da gwamnatinsa ta tilasta wa jirgin Ryanair da ya taso daga Atina sauka a Minsk a Mayun 2021 don kama ɗan jarida Roman Protasevich, akwai muryar da ta riga ta san ƙofofin da za a ƙwanƙwasa, takunkumi kuwa ya biyo baya har kan fotash, sinadarin takin zamani da ƙasar ke samun kuɗin waje da shi. Akwai kuma aikin da ba ya shiga kanun labarai. Tun da Lukashenko ya hana sabunta fasfo a ofisoshin jakadanci a Satumban 2023, dubban 'yan Belarus da ke waje suka shiga halin zama babu takarda, ofishinta ne ke bin gwamnatocin Turai yana roƙon a ba su mafita. Wannan hidima ce ta gaske ga mutane na gaske.

Sai dai duk wannan nasara a waje aka same ta. A gida lissafin daban ne, kuma nan ne nazarin ya fi ɗaci. A Agustan 2020 mutane fiye da dubu ɗari kan cika titunan Minsk ranar Lahadi. A Oktoba ta ba Lukashenko wa'adin sauka, ta kira yajin aikin gama-gari daga ranar 26. Wasu ma'aikata da ɗalibai sun amsa, amma manyan masana'antun gwamnati ba su tsaya ba. Daga nan ƙarfin kiranta ya riƙa raguwa. An kama dubun dubatar mutane, an rufe kafofin labarai masu zaman kansu da ƙungiyoyin farar hula, bin shafin da gwamnati ta kira na masu tsattsauran ra'ayi ya zama abin da kan kai mutum gaban alƙali. Wanda ke Minsk ya san idan ya fita titi shi zai kwana a sel, wanda ya kira shi kuwa zai kwana a gadonsa a Vilnius. Wannan bambanci, ko da babu mugun nufi, yana cin amana a hankali. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. A Mayun 2024 'yan adawa sun shirya zaɓen majalisarsu ta intanet, waɗanda suka kaɗa ƙuri'a ba su kai dubu bakwai ba, a ƙasar da ke da mutane sama da miliyan tara. Tsoro ne babban dalili, ba ƙiyayya ba, amma ga mai mulki duk ɗaya ne.

Masu kafa hujja da Ayatullahi Khomeini, wanda ya yi hijira daga 1964 zuwa 1979 ya kuma koma da nasara, kan manta abin da ya bari a baya. Kasakasan wa'azinsa suna shiga Iran ne su tarar da masallatai, da ɗaliban ilimi, da 'yan kasuwa masu ba da kuɗi, wato tsarin da Shah, sarkin ƙasar a lokacin, bai iya rushewa ba. Muryar tana waje, jikin yana gida. A Belarus an bi jikin ne gaɓa-gaɓa aka kakkarya. Wayar salula tana kai saƙo cikin daƙiƙa, amma ita ce kuma ke nuna wa 'yan sanda wanda ya karanta shi.

Wani rauni kuma shi ne mai masauki. Jagoran da ke hijira ba shi da ƙasa, ba shi da haraji, tsaron lafiyarsa ma kyauta ce daga gwamnatin da ke da nata lissafin. Mutanen Nijar sun san wannan daga tarihin Sawaba. Bayan haramta jam'iyyar a 1959, Djibo Bakary ya jagorance ta daga waje, ya samu gindin zama a Accra ƙarƙashin Kwame Nkrumah. Kutsen da mayaƙansa suka yi cikin Nijar a ƙarshen 1964 ya watse, gwamnatin Diori Hamani ta huce a kan mabiyan da ke gida, sannan da sojoji suka kifar da Nkrumah a Fabrairun 1966, tudun dafawar ya tafi. Bakary bai taka ƙasarsa ba sai 1974, shekara guda bayan haka kuma gwamnatin Seyni Kountché ta tsare shi. Ita kanta Belarus tana da wata majalisa da ke kiran kanta gwamnati a hijira tun 1919, har yau ba ta koma ba.

Abin da ya faru a 2025 ya nuna wannan rauni a fili. Gwamnatin Donald Trump ta buɗe ciniki kai tsaye da Lukashenko: a saki fursunoni, a sassauta takunkumi. A ranar 21 ga Yuni, bayan ziyarar manzon Amurka Keith Kellogg a Minsk, aka sako Sergei Tikhanovsky, wanda aka yanke wa shekara 18, ya fito a rame har 'yan'uwa suka sha wuyar gane shi. A Satumba aka saki mutum 52, Amurka ta sassauta wa kamfanin jiragen Belarus mai suna Belavia. A Disamba aka saki 123, ciki har da Kolesnikova da Ales Bialiatski mai lambar Nobel ta zaman lafiya, a madadin ɗage takunkumin fotash. Duk mai tausayi zai yi murna da kowane mutum da ya fito, kuma ba don shekarun da aka yi ana nanata sunayensu ba, da babu wanda zai yi cinikinsu. Amma ba da Tikhanovskaya aka zauna teburin ba. Takunkumin da ta yi shekaru tana fafutukar a saka, wasu ne suka sayar da shi a farashin da suka ga dama.

Kuma yawancin waɗanda aka sako ba gidajensu aka mayar da su ba. Mota aka saka su zuwa bakin iyaka, wasu ba tare da fasfo ba. Mikola Statkevich, tsohon ɗan takarar shugaban ƙasa, ya sauka a iyakar Lituwaniya a Satumba ya ƙi tsallakawa, aka mayar da shi kurkuku. Ta wannan hanya Lukashenko yana karɓar sassaucin takunkumi, yana rage cunkoson kurkukunsa, yana kuma kwashe sauran jagororin adawa daga ƙasar a ciniki guda, yayin da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Viasna ke ci gaba da rubuta sunayen sababbin waɗanda aka kama.